Rigar da Tumba bai zo ya karɓa ba

Yau Asabar. Kumburin ƙafafuna ya ɗan saɓe, amma tarin yana nan.

Da safen nan aka kira ni a waya: Tumba ya rasu jiya da yamma. Wai ya gama ba dawaki harawa, ya zauna a bakin barga, bai sake tashi ba.

Na daɗe riƙe da wayar.

Waɗanda ba su san shi ba, shi ne mai gonar dawakin nan ta Wuro Patuji. Shi da matarsa da 'ya'yansa suke riƙe da ita. Suna ajiye dawakin mutane, suna horar da su, ran Lahadi bayan coci a yi tsere da tsallaken shinge.

Dokina Bidi yana wurinsa tun shekarar da likita ya hana ni hawa.

Tumba yana da wata al'ada da ban taɓa gani a wurin kowa ba. Duk Asabar sai ya zo Nassarawo a kan mashin, ya karɓi rigar da na sa a makon, ya je ya rataye ta a bargar Bidi. Ta makon jiya kuma ya dawo mini da ita.

“Baba, doki ba ya duba hoto,” in ji shi. “Hanci ne album ɗinsa.”

Wadda yake dawowa da ita takan zo da warin doki da ƙaiƙayin dusa. Nakan shimfiɗa ta a kan filo. In na gyangyaɗa da hantsi sai in gan ni a bakin mayo, kogin nan namu, Bidi yana tafiya da ni a hankali, duwatsun Gella suna matsowa kamar shanu, ba inda ke mini ciwo.

Bai taɓa zuwa hannu sake ba. Ko gwaiba biyu ce.

Asabar da ta wuce ya ɗauki rigar, ya shinshina, ya harare ni.

“Wa ya wanke wannan?”

Na ce maƙwabciyata ce, ta ga datti.

“To sabulu zan kai wa Bidi? Sai ya ɗauka ka mutu an gaje ka.” Ya yi ta dariya har da tari. “Ka sa wata, kada kowa ya taɓa. Sai Asabar.”

Na sa farar mai aljihu kwana shida. Na ɓoye ta daga maƙwabciya kamar kayan sata.

Yanzu mako biyu ke nan ba sabuwar riga a bargar. Ban san kwana nawa doki yake ɗauka kafin ya manta da mutum ba. Wanda zan tambaya shi ne ya tafi.

Allah Ya dubi alherin Tumba, Ya saka masa. Allah Ya ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri, Ya raya gonar. Ku taya ni roƙa musu, kowa da yadda yake addu'a.

Babbar 'yarsa Kuve, mai koyar da hawa, ita ta kira ni. Cikin kuka ta ce, “Baba, na san da maganar rigar. Zan zo bayan la'asar.”

Na fitar da kujera ƙofar gida, na ninke rigar a cinya.

An kira magariba. Ba ta zo ba, kuma ban ga laifinta ba.

In akwai mai zuwa gaisuwa Wuro Patuji gobe, ya biyo ta nan. Ya kai wa Bidi rigar, ba ta da nauyi.