Hatsin Gatawa

Ni mutum ne mai saurin hawa, kowa ya sani a Sabon Birni. Matata takan ce ni ba a ganin hayaƙina, sai dai a ga wuta. Ina da ɗan shago kusa da kasuwa inda nake buga wa mutane takardu a kwamfuta, in cika wa ɗalibai fom na jarrabawa. Saboda wannan sana'a aka taɓa kai mu bita Sakkwato, aka koya mana wata sabuwar doka ta kare bayanan mutane. Abu ɗaya ya zauna mini a kai: duk wanda ya ajiye sunanka ko lambar wayarka, hukuma ce ko kamfani ko ƙungiya, kana da ikon ka tambaye shi me ya rubuta a kanka, kuma wa ya ba shi. Na dawo da abin nan kamar yaron da aka saya wa sabon takalmi, ina neman inda za ni taka.

Asalinmu mutanen Gatawa ne. Baba manomi ne na gasken gaske. A da, idan kaka ta yi, shi ke fidda zakka dami-dami, a loda a amalanke a bi gidajen marasa ƙarfi. Da 'yan bindiga suka matsa wa yankin muka kwaso muka dawo Sabon Birni, muka kama gidan haya, ni da iyalina da Baba da Inna da ƙannena. Abin da shago ke kawowa na haya ne da cefane, ba ya ci da gida irin namu. Amma hatsi bai taɓa yanke mana ba. Lokaci-lokaci wani ɗan kabu-kabu yakan ɓullo a babur ta hanyar Gatawa ya sauke buhun gero a ƙofar gida. Baba ya ce rabonsa ne, wani tsohon abokinsa da ya ƙi barin gari ke noma gefen gonarmu suna rabawa. Ban taɓa tambaya ba. Har cika baki nake wa abokaina cewa furar geron Gatawa daban take, ko an rufe mini ido za ni gane ta.

Wata rana da hantsi muna zaune bakin shago muna shan shayi, wayata tana hannun abokina mai sayar da fetur a kwalba, yana kallon bidiyo, sai saƙo ya shigo. Shi kuwa ba ya iya riƙe baki, ya karanta da ƙarfi. Daga kwamitin zakka na masallacin unguwarmu ne, wai rabon gidanmu ya iso, za a aiko mai kawowa. Wurin ya kece da dariya. Mai fetur ya ce ashe duk kwanakin nan da miskini suke zama ba su sani ba, ɗayan kuma, tela, ya ce a bar mini kuɗin shayin, shi zai biya don neman lada. Na yi dariyar yaƙe, amma kaina ya riga ya ɗauki zafi.

Lissafina ɗaya ne. Wani ya cusa sunan gidanmu yana karɓar hatsin marayu yana kaiwa kasuwa. Na tafi wurin sakataren kwamitin, sabon shiga ne, shi ya kawo musu tsarin tura saƙo ta waya. Ina nuna masa ya rikice, ya ce kuskure ne, in goge kawai. Rikicewar tasa ta ƙara tabbatar mini akwai lauje cikin naɗi. Daga nan na wuce wurin Liman, shugaban kwamitin, dattijo sa'ar Baba. Ya saurare ni har na gama kumfar bakina, sannan ya ce babu ɓarawo a cikinsu, in yi haƙuri in bar maganar ta wuce.

"Ɗana, ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba," in ji shi.

Ni kuwa na ɗauka rufa-rufa ce. Na koma shago na zauna na tsara musu takarda mai zafi, na jero sassan doka kamar wani lauya. Na ce ina son in ga duk abin da suka rubuta a kaina da wanda ya ba su, in ba haka ba za ni kai ƙara hukumar kare bayanai da ke Abuja. Na san abin da nake yi. A irin zamanin da muke ciki, a ce an kai ƙarar wasu masu tara hatsi da sunayen mutane, ba ƙaramin tashin hankali ba ne, kafin a gane gaskiya an sha tambayoyi. Matata ta ce in gaya wa Baba tukuna. Na ce a'a, tsoho mai hawan jini, me zai sa in kai masa labarin cin mutunci? Ta ce to, wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Suka kira ni bayan la'asar, a ɗan ɗakin da ke jikin masallaci. Na tafi da mai fetur da tela, waɗanda suka yi mini dariya. Liman ya dube su, ya ce su jira a waje. Na ce ba inda za su, a gabansu aka zubar mini da mutunci, a gabansu za a wanke ni. Ya sake roƙona, har da kama hannuna. Na zare hannun. Na ɗaga murya yadda na waje ma za su ji, na ce gidanmu ba a cin sadaka, mu ke bayarwa, kowa ya san ɗan wane ne ni.

 Liman ya ce wa sakatare ya nuna mini jerin masu karɓa. Ga sunana, ga na matata, ga na 'ya'yana da ƙannena, an ƙidaya mu baki-baki. Na ce to, wa ya kawo? Abin da na zo ji ke nan.

"Mahaihinka na," in ji Liman.

Ya faɗa mini sauran a hankali, kamar mai gaya wa mutum rasuwa. Abokin Baba na Gatawa ya daɗe da gudu Nijar, gonarmu kuwa tun da muka baro garin ba wanda ya sa mata fartanya. Liman ne da kansa ya lura Baba yana ramewa, ya same shi da maganar a sa gidanmu cikin masu karɓar zakka, Baba ya ƙi. Ya yi ta komawa har ya yarda, amma da sharaɗi: kada kowa a gidan ya sani, musamman ni. Shi ya sa suke juye hatsin a tsohon buhu, su ba ɗan kabu-kabu ya zagaya bayan gari ya shigo ta hanyar Gatawa. Sabon sakatare bai san da amanar ba, ya ga babu lambar waya a gaban sunan gidanmu, ya kwafo tawa daga allon shago.

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Mai fetur ya tashi ya fita ko takalminsa bai sa daidai ba. Tela ya sunkuyar da kai yana ta tsinkar zare a bakin rigarsa. Ba su da mugunta, na san ba su yaɗa da gangan ba, amma akwai masu alwala a bakin taga, kuma Sabon Birni ba wani girma gare ta ba. Kafin ranar kasuwa magana ta zaga.

Liman ya je ya gaya wa Baba da bakinsa cewa amanar ta fashe. Baba bai zage ni ba, bai ko ɗaure mini fuska ba, kuma na fi son a ce ya mare ni. Ya ce wa Liman a cire sunansa. Ya daina salla a masallacin unguwa, ya koma wani can gefen gari inda ba a san shi ba, yana jan ƙafa a rana. Na durƙusa a gabansa na ba shi haƙuri, na ce ya bari a ci gaba da kawowa, ni za ni riƙa zuwa ɗauka da rana tsaka kowa ya gani. Ya ce ba laifin da na yi, haƙƙina na nema, kuma an ba ni.

Buhu ya daina zuwa. Inna ta fara auna gari da ƙaramin kwano, tuwo ya koma na dare kawai, yara su wuni da kunu. Na ƙara aiki, har cajin waya na fara a shago, amma bai kai ko'ina ba. Idan aka kawo abinci Baba yakan ci loma kaɗan ya tura wa jikoki, ya ce cikinsa ba daɗi.

Da ruwan shuka ya sauka, na fito da safe na tarar da shi a zaure da sungumi da 'yar jakar iri. Ya ce in kai shi tashar 'yan kabu-kabu masu zuwa Gatawa. Na ce Baba, ka san hanyar nan, ka san abin da ake wa waɗanda aka tarar a gona. Na ce ƙafarka ma ba ta da lafiya. Ya saɓa sungumin a kafaɗa.

"Kai ka hwaɗi gaban mutane gidanmu ba a cin sadaka. Ba ni son ɗana shi zama maƙaryaci."

Na goya shi a babur ɗina har tasha. Aka ɗaure sungumin a gefen wani babur, ya hau bayan wani yaro da ban sani ba. Na ce ya dakata, za ni bi shi, mu yi shukar tare. Ya ce in na bi shi wa zai buɗe shago?

Yana faɗin haka na ji wani sanyi ya sauka a raina, don tsoron hanyar nake ji. Ya dube ni, kuma na san ya gani a fuskata. Ya taɓa kafaɗar yaron, suka tafi.