Yatsun Mijinyawa a Kan Rediyo

Shekara bakwai Mijinyawa yana jan motar kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, a Riyad, amma a unguwarsu ta Manfuha ba da tuƙi aka san shi ba, da rediyo aka san shi. Duk Juma'a bayan magariba 'yan Najeriya kan cika ɗakinsa don jin shirin gaishe-gaishe daga gida. Tashar da nisa, sai murya ta taso kamar ta fasa kunne, can kuma ta nutse. Shi ke zama gindin akwatin, yatsu biyu a kan abin ƙara murya, in ta nutse ya ɗaga, in ta taso ya sassauta. Shi ake fara miƙa wa shayi, kuma ba mai yin tari sai ya ɗago kai.

A 1986 Bashari ya iso garin, mai gyaran na'urorin asibiti. Zuwansa na farko ya ɗan saurara, ya ce, "Yaya Mijinyawa, ai akwatin nan yana da abin da ke daidaita murya da kansa, saitinsa ne ya goce." Ya kwance bayan rediyon, ya juya wani ɗan noti da sukundireba. "Halas, shi ke nan."

Murya ta zauna daram. Aka yi ta sa wa Bashari albarka, shayin farko ya koma hannunsa. Bawan Allah Mijinyawa ya rasa inda zai ajiye yatsunsa. Kishi ya ci shi ƙwarai, ko sallamar Bashari ya ji sai ransa ya ɓaci.

Sati uku ya daure. Ran Alhamis ya kulle ƙofa, ya sa bakin wuƙa ya mayar da notin inda yake a da.

"Gyaran injiniya ya warware," in ji shi washegari, yana murmushi, ya koma gurbinsa. Bashari kuwa ranar bai zo ba, yana bakin aiki.

Ana cikin shiri sai mai gabatarwa ya ce, "Saƙo ga Mijinyawa direba a Riyad, daga maiɗakinsa Turai, tana cewa..." Bai taɓa jin sunansa a akwatin nan ba. Yatsun suka sandare, murya ta nutse yana kallo. Kafin ya farga ya murɗa, har an kai ga gaisuwar wani tela a Funtuwa. Shirin kuma ba a maimaita shi.

Ya juyo ya dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya. "Don Allah, me ta ce?"

Ba wanda ya ji.