Ranar da na tura ɗan farina layin masu ciki

A shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, ɗan farina ya kwanta. Magidanci ne a lokacin, da gemunsa da 'ya'yansa, yana awon hatsi a Babbar Kasuwa. Amai da gudawa suka kama shi da damina. Ya sha ƙwayoyin kemis, ya ɗora da na ciwon jiki, gudawa ta tsaya. To, sai fitsari ma ya tsaya. Ƙafa ta kumbura, fuska ta haye har ido ya shige.

Ubansa ciwon ƙoda ne ajalinsa, shekara da shekaru yana cinsa a hankali. Don haka da muka kai ɗan asibiti, likita ya ce ƙoda ce, sai wan mijina, Alhajin da ke riƙe da gidanmu a Ƙofar Durbi, ya yi salati ya ce a nemo mota.

"Mun ga irin wanga," in ji shi. "A kai shi gida ya cika a ɗakinshi."

Ni ina rakuɓe bakin ƙofa. Ku 'yan yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa gaban mutane ba. Kakarsa ta raine shi. In ana maganarsa, tashi nake in ba da wuri. Haka muka taras, haka muka yi.

Likitan ya ce, "Alhaji, a dakata. Ciwon ƙoda iri biyu ne. Wadda ta daɗe tana ciwo takan tsotse ta ƙanƙance, kamar goron da ya zama kauɗa. Wannan ba ta dawowa. Wadda kuwa ciwo ya faɗo mata kwanan nan tana nan da girmanta, in aka tallafe ta sai ta farfaɗo. Ido ba ya rabe su daga waje. Sai an yi hoton sikanin."

"Ina ake yin shi?"

"Ɓangaren masu awon ciki. Na'urar can ce kaɗai ke aiki."

Wallahi kamar an watsa wa Alhaji ruwan zafi. "Mi? Namiji mai iyali a kwantar da shi inda ake duba mata? Matan unguwarmu na can zaune! Mutuwa ma ba za a bar shi ya yi da mutuncinshi ba?"

Ƙannen Alhaji suka gyaɗa kai. Maza cike da ɗaki, kowa da carbi. Rai na kwance yana numfashi da ƙyar, su abin da ya dame su kada a yi musu dariya a majalisa. Ni aka hana in nuna ina sonsa tsawon rayuwarsa, na haƙura. Ashe waɗanda aka ba izinin son nasa, iyakar son ke nan!

Ban san sanda na tsinci kaina tsakiyar ɗakin ba. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Ni na yi naƙudarshi. A irin ɗakin da kake ƙyama ya fito, ba a zaure ba."

Ya ce, "Ke! Ɗan farin naki? Ina kunya ta tafi?"

Na ce, "In an binne shi sai in nemo ta."

Aka ɗora shi a keken marasa lafiya. Ba namijin da ya taɓa keken. Ni na tura, gwiwa na ƙara, mayafi na zamewa. Shi kuma ya sunne kai yana cewa, "Inna, ki bari." Na ci gaba da turawa.

Muka iske mata jere a benci, kowacce da tulun cikinta. Wata ta dube shi ta ce, "Inna, shi kuma wata nawa?" Aka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Ku matsa mishi, nashi ya fi namu nauyi, har ƙafa ya sauka." Suna zolaya suna janye ƙafafu, suka ce mu wuce gaba. Matan da ake tsoron bakinsu, su suka ba mu layinsu.

Mai hoton ya shafa masa wani abu mai yauƙi a kwiɓi, ya dinga goga wani ɗan abu kamar dutsen guga, yana kallon ƙaramar talabijin. Ni ban ga komai ba sai toka-toka. Ya juya shi dama, ya juya shi hagu. Can ya ce, "Mama, duka biyun suna nan da girmansu. Ba su tsotse ba. Da alama sabon ciwo ne, likita zai haɗa da gwajin jini. Amma kada a yi jinkiri."

Kano aka tura mu wankin ƙoda, don a ɗauke wa ƙodojin aiki su huta. Aka yi, aka sake, aka sake. Wata safiya matarsa ta fito da kwalba da sauri, fitsari ne ciki, kaɗan, ja kamar shayi. Ban taɓa zaton zan yi guɗa a kan fitsari ba. Na yi, har ma'aikata suka leƙo.

Da muka dawo Katsina da shi a kan ƙafafunsa, Alhaji ya shigo barka. Bai ce na yi daidai ba, bai ce ya yi kuskure ba. Ya rage murya ya ce, "Kada dai a ji a unguwa inda aka kai shi."

Na ce, "To, Alhaji."

Duk wadda ta yi sallama ranar, kafin ta zauna na gaya mata.