Ƙarfen da Ya Yi Shiru a Kan Dutse

Ku matso kusa, jama'a, ku ji. Watan nan maigidana, Baban Ladi, ya cika shekara goma sha ɗaya da barinmu.

Akwai ɗan dutse a bayan unguwarmu nan Zuru, da hasumiyar ƙarfe da ma'aikatan gandun daji suka kafa a kansa tun zamanin Turawa. Can ya ƙare ƙuruciyarsa. Da an yanke dawa an jibge dammuna a gona, sai ya hau ya zauna duban hayaƙi, don masu farautar gafiya ba su da haƙuri, ashana ɗaya ta ishe su ƙone noman shekara. In ya hango wuta, sai ya bugi tsohon wilin motar da ya rataye. Bugun wutar gefen Ribah daban, na hanyar Mahuta daban. Maza su fita da ɗanyen ganye, mu mata mu bi su da tuluna.

Ran Lahadi abokin gadinsa Malam Umaru ke riƙe masa ya je coci, ran Juma'a shi ma ya rama masa. Na taɓa yi masa mitar cewa dutsen ya fi ni ganinsa. Ya ce, "Haba Maman Ladi, daga can ai har tuwonki nake gani in ya kama."

Yanzu wayar hannu ta shigo gari. Da yana nan, na san cewa zai yi a ba shi ɗaya ya hau da ita. Amma bara wuta ta cinye dawar Malam Umaru ƙurmus, tsoho da jikoki marayu a gabansa. Sai da ta gama aka shiga kiran juna. Waya tana kai labari, amma sai wani ya fara gani.

Ga shi ana shawarar kwance hasumiyar, wai tsatsa ta ci matakalar, kada ta faɗo da wani. Ban ƙaryata su ba. Sai dai in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Baban Ladi bai bar mana bene ba. Abin da ya ba mu shi ne mutum ya tafi kasuwa hankali kwance, don ya san akwai ido a sama. Dawar bana ta sunkuyar da kai, yanka ya kusa. To, a cikinku wa zai hau ya duba mana?