Ƙahon Don Eusebio Ya Yi Shiru

Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, 2025, ina cikin aji ina gyara wa wata ɗaliba riƙon goge, sai wayata ta yi ƙara. Doña Amparo ce. Muryarta ba ta rawa, sai dai ta yi ƙasa ƙwarai. Ta ce, "Noemí, tsohonku ya tafi." Haka na sami labarin rasuwar mijinta, Don Eusebio Villarreal, shugaban ƙungiyarmu ta makaɗan mariachi, kiɗan gargajiyarmu na ƙaho da goge da jita, wanda ya cika a gidansa da ke yammacin San Antonio bayan doguwar jinyar ciwon zuciya, yana da shekara saba'in da takwas. Wanda ya ba mu shi ne ya karɓi abinsa, kuma dukkanmu can muka nufa.

Don Eusebio, kai zan fuskanta da wannan magana, domin ban saba ba da labarinka a bayan idonka ba.

Ina budurwa ka ɗauke ni cikin ƙungiya, lokacin da wasu ke ganin mace ba ta da gurbi a cikin mariachi. Da na haihu, kowa ya ɗauka na ajiye goge ke nan. Kai kuwa ka ce in zo da jaririn. A garejinka da muke gwaji, da hannu ɗaya kake rungume shi, da ɗayan kana ba mu take, idan ya yi kuka ka ce, "Kun ji, ko shi bai yarda da wannan ba. A sake."

Da shekaru suka ja, aiki ya yi mana ƙaranci. Masu biki sun koma ɗauko mai saka faifai da manyan lasifikoki. Mu kuwa sai jana'iza, sai ranar iyaye mata, sai zagayen tebura a gidan abinci ranar Lahadi, inda yara kan dube mu kamar tsofaffin hotunan da ke rataye a bangon kakarsu. Ba ka taɓa yin ƙorafi a gabanmu ba, amma na sha ganinka kana goge ƙahonka alhali babu inda za mu je.

Ana cikin haka wani saurayi mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, Adrián Saldívar, ya shigo garejin yana murza hularsa. Aure zai yi, kuma yana da roƙo guda. Ya ce tun suna yara shi da wansa Isaías akwai wani wasan bidiyo da suke yi tare, na wani matuƙin jirgin ruwa da ke neman hanyar gida. Isaías ya rasu a haɗarin mota. Adrián yana so a buga masa kiɗan wannan wasa ranar bikinsa, ko ya ji kamar wansa ya halarta.

Ya kunna mana a wayarsa. Wata siririyar ƙara ce, ƙit-ƙit, kamar kukan 'yan tsaki. Don Rogelio Zúñiga, mai ƙaho na biyu, amininka tun kuna samari, wanda ya tsaya wa 'yarka a matsayin uba ranar baftisma, ya tuntsire da dariya.

"Ɗan nan, wannan ai ƙarar injin wankinmu ce idan ya gama."

Wasu suka taya shi. Yaron ya fara mayar da wayar aljihu. Kai kuwa ka ɗaga hannu.

"Sake sakawa." Ya sake. Ka rufe ido, ka ce ya ƙara. Sannan ka juya wajen amininka. "Rogelio, rufe bakin nan ka buɗe kunne. Cire ƙarar injin, ka ji abin da ke ƙarƙashi. Ɗaya, biyu, uku. Taken rawar ango da amarya ne, irin namu. Wanda ya shirya kiɗan nan ya san kewar gida."

Mun ɗauka za ka karɓi kiɗan ka shirya mana shi kawai. Sai ka ce ba ka buga kiɗan da ba ka san inda yake zaune ba. Ka ari na'urar wasan a wajen Adrián, ka jona ta da talabijin ɗin falo. Doña Amparo ta riƙa kirana tana kai ƙara: "Zo ki ga maigidanki, mai jikoki, ya koma ɗan firamare. Tamales ɗin da na dafa masa sun huce a tebur, shi yana can yana zagin wani kifi." Ba ka iya wasan ba, gaskiya. Jirginka ya nutse har ba adadi. Amma ka nace har ka isa wani ɗan gari a bakin teku, inda kiɗan nan ke tashi. Da ka zo gwaji ka ce mana, "Na gane. A duk wasan, nan ne kaɗai ba abin da ke bin ka. Nan yara ke ajiye madanni su numfasa. Kada kowa ya yi sauri. A hankali za mu buga shi."

Ranar bikin ba ta fita daga raina. Goge ya fara, babbar jita ta shigo daga ƙasa, sannan ƙahonka ya ɗauki waƙar. Abokan ango, manyan ƙarti masu gemu, suka daina tauna. Ɗaya ya miƙe, wani ya bi shi, suka soma rera kiɗan da hanci tunda ba shi da baiti ko ɗaya. Amma wadda ta karya mana zuciya ita ce uwar ango. Ba ta taɓa riƙe madannin wasa ba a rayuwarta. Ta bango take jin wannan ƙara shekara da shekaru, tana yi musu tsawa su rage. Ta dafe ƙirji ta ce da ƙarfi, "Wayyo, wannan ai kiɗan ɗakin yarana ne!" Na ci gaba da jan goge ban ga igiyoyin ba saboda hawaye.

Wani ya ɗauki hoton bidiyon ya saka a intanet, ya bazu inda ba mu zata ba. Kira ya fara shigowa daga Houston, daga Laredo, har daga Chicago. A lokacin ne muka fahimci abin da ka riga mu gani: an yi wata al'umma guda da ta tashi da waɗannan kaɗe-kaɗe a kunne, su ne waƙoƙin yarintarsu, da su suke tuna 'yan'uwansu da gidajen da suka bari, kuma ba wani babba da ya taɓa ɗaukar su da daraja.

Abin bai zo a kyauta ba. Wasu tsofaffin makaɗa suka daina amsa gaisuwarka. Rannan aka gayyace mu babban taron masu wasan bidiyo, inda mutane ke yin shigar jaruman wasanni. Muna cikin kiɗa, wani da ya yi shigar kaguwa ya hau gabanmu yana rawa. Da muka sauko, Don Rogelio ya kwance ɗamarar tufafinsa na makaɗa a wurin ajiye motoci.

"Ubana a cikin kayan nan aka binne shi, Eusebio. Ban sa su don in yi wa kaguwa kiɗa ba. Ka mayar da mu abin dariya."

"Mutumina, ba dariya suke yi mana ba. Murna suke yi."

"To ka yi murnar kai kaɗai."

Ya tafi. Ka tsaya kana kallon motarsa har ta fita. Maganarsa tana da nauyi, kai ma ka sani, shi ya sa ba ka taɓa bari a zage shi a gabanka ba. Shekaru suka wuce ba ya zuwa gidanka. A coci yakan zauna can ɗaya gefen. Na san wannan ya ci ka fiye da yadda ka nuna.

Amma daga ranar ka kafa mana doka: duk inda muka buga kiɗan wasa guda, sai mun bi shi da tsohuwar waƙa guda ta iyayenmu. Kakan ce, "Mun ci nasu, su ma su ɗanɗana namu." Haka kuwa aka yi. Bayan wasa sai ka ga matasa sun zagaye ka suna tambaya, "Don Eusebio, ta biyun nan fa, daga wane gem take?" Ka yi dariya har da tari, ka ce, "Daga gem ɗin kakarka. Je ka tambaye ta."

Daga nan ajin ranar Asabar ya samo asali, a zauren cocinmu, ba ka karɓar ko sisi. Kowa ya zo da kiɗan wasan da yake so, a saurara tare. Kai kuma ka riƙa bin sawunsa: wannan taken daga Brazil ya fito, wannan salon baƙaƙen New Orleans ne, wannan kuwa irin na manyan zaurukan Turai. Sai ka tura su su nemo asalin. Yaran da suka shigo ba su san komai ba sai ƙarar talabijin, suka fita suna gardama a kan makaɗan da suka mutu kafin a haifi iyayensu. Kai ma ba ka tsira ba. Na taɓa shiga motarka na tarar kana jin wasu masu goge na Ireland. Ka ce, "Yaran nan sun lalata ni, Noemí. Da can kunnena ƙofa ɗaya gare shi."

A cikin ɗaliban akwai wata Ximena, jikar Don Rogelio, wadda ta zo don kiɗan wani wasan tsere. Ka san ko jikar wa ce, ba ka taɓa ɗaga maganar ba. Ranar bikin cikarta shekara sha biyar, yarinyar da da ƙyar take haɗa jimla da Sifaniyanci ta karɓi makirufo ta rera tsohuwar waƙar da mahaifin Rogelio ya fi so, tun daga farko har ƙarshe, ba tuntuɓe. Waɗanda suka halarta sun ce Don Rogelio ya ajiye cokalinsa, ya taso ya je wajenta. Ya tambaye ta inda ta koya, ta faɗa masa.

Gwajin da ya biyo baya, muna tsaka da kiɗa, sai ga shi a bakin gareji da akwatin ƙahonsa, fuska a murtuke.

"Mai ƙahonku na biyu yana fita daga layi. Tun daga bakin titi ake ji."

Ko ɗagowa ba ka yi ba. "Ga kujerarka can. Sai dai ka sauke kwandon wankin Amparo daga kai."

Iyakar sulhun ke nan. Ya zauna, aka ci gaba.

Da ciwo ya kama ka, likita ya hana ka busa. Mun ji tsoron hakan zai kashe ka tun kafin zuciyar ta yi. Sai ga wasu matasa daga Austin masu ƙaramin kamfanin wasan bidiyo, biyu daga cikinsu tsofaffin ɗalibanka ne. Suna shirya wasa a kan wani iyali da ke zaune a bakin iyakar ƙasa, suna so kai ka tsara kiɗansa. A zaune ka yi aikin, da robar iska a hancinka, kana rera mana da baki muna ɗauka, Rogelio yana busa abin da kai ba ka iya busawa, kuna faɗa a kan kowane layi. Wasan ya fito bara da kaka. Ba a jima ba jikokinka suka fara nuna maka bidiyoyi: wata yarinya a Koriya tana buga kiɗanka da piyano, wasu samari a Poland da jita, ba wanda ya san fuskarka a cikinsu. Ka daɗe kana kallo, sannan ka ce, "Amparo, zo ki ga. Yanzu kuma su ke satar namu." Ban taɓa ganin ka cikin farin ciki irin na ranar ba.

Mun binne ka ranar Juma'a. Cocin bai ɗauki mutane ba. Tsofaffin makaɗan da suka taɓa juya maka baya sun zo cikin cikakkun kayansu, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa da matasa masu rini a gashi.

Washegari Asabar ce. Na tafi zauren ne kawai don in manna sanarwa cewa babu aji. Na tarar da shi cike, kowa da abin kiɗansa a cinya, ba wanda ya san abin da za a yi. Sai Don Rogelio ya taso daga baya, yana jan ƙafa, ya je ya tsaya a gaba. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ku saurara. Ni ba ni da haƙurinsa, kada ma ku sa rai. Amma kunnena ƙalau yake." Ya share ido da bayan hannu. "To, wa ya zo da sabon kiɗa? Kawo mu ji."

Hannuwa suka tashi ko'ina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Doña Amparo, wadda ta raba mijinta da mu tsawon rayuwarta ba ta taɓa rufe mana ƙofa ba. Ga 'ya'yansa, Graciela da Efraín, da jikokinsa. Ga Don Rogelio, wanda rashin nan ya fi girgiza shi a cikinmu. Ga 'yan ƙungiya, da ɗaliban Asabar na da da na yanzu, duk inda rayuwa ta kai su. Allah ya ba mu haƙuri da juriya, ya ba mu ikon riƙe abin da ya bari.

Kai kuma Don Eusebio, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka. Ka saurari waɗanda ba a saurara, Allah ya saurare ka. Ka buɗe wa 'ya'yan mutane ƙofa, Allah ya buɗe maka tasa. Ka huta lafiya, maigida. Amin.