Kefas Bai Lalata Madubin Ba

Shugaban makaranta, ka yi wa Baba Kefas ƙazafi, kuma ni Margaret mai albasa a kasuwar Zuru ba zan yi shiru ba.

Shekara talatin da ɗaya Kefas yana kula da ɗakin gwajin kimiyya na sakandarenku. Ba malami ba ne, shara da wankin kwalabe aka ɗauke shi. Amma shi ke zuwa rumfata ya zaɓi busasshiyar albasa, ya ɗora ta a bakin kofin ruwa har ta fid da farar saiwa. Da hantsi sai ya yanki tsinin saiwar da reza, ya tausasa shi, ya ɗiga rini, ya danne tsakanin gilasai biyu, ya sa a madubin nan mai ƙara wa abu girma. Ɗalibai su yi layi.

Wata rana na ce, "Kefas, kai kaɗai ke sayen albasa ba don miya ba. Tsafi kake yi?"

Ya ce, "Zo ki ga tsafin, Maman Sandra."

Na leƙa. Ga ƙananan ɗakuna a jere, a cikin wasu jajayen zarurruka sun rabu gida biyu. Ya ce sunan zarurrukan kuromosom, su ke ɗauke da gadon kamanni, a albasa da a mutum. Kullum suna nan, amma ba sa fitowa fili sai ƙwayar halitta tana rabuwa, shi ya sa yake neman tsinin saiwa, inda girma yake. Ban yi boko ba, amma da na koma gida na daɗe ina kallon wushiryar ɗiyata Sandra, irin ta uwata sak.

Kai kuwa, saura wata guda Kefas ya yi ritaya, ka ɓare fatar albasa ka leƙa. Da ba ka ga zare ba, ka rubuta cewa ya lalata madubin. Takardar tana cikin fayil ɗinsa. Tun daga nan ya daina zuwa kasuwa.

Kefas, kai ne mai haƙurin jiran saiwa. Sandra nas ce yau, a hannunka ta fara ganin zarurrukan nan. Mun gode. Masu tasowa, ku riƙi aiki yadda ya riƙa.

Shugaba, ranar Juma'a ka kira shi gaban ɗalibai ya haɗa gwajin da hannunsa. Ka leƙa, ka faɗi abin da ka gani da ƙarfi, sannan ka gaya mana wa zai yaga takardar nan.