Malam Mamuda, Akawun da Ba Ya Buɗe Tawada Sai Ya Karanta

"Ranka shi daɗe, ba ni buɗe tawadar ga sai na karanta musu abin da ke cikin takarda."

Malam Mamuda Tambari ne ya faɗi haka, akawu kuma tafinta a wani ƙaramin ofishin kan iyaka da ke gaba da Shinkafi, wata ranar Alhamis cikin bazarar 1999. Wanda ya faɗa wa kuwa shugaban ofishin ne, mutumin da ko gaisuwa ba a yi masa a tsaye. Ni ina zaune a kusurwa, yatsuna a kan tafireta, watana biyar da kama aiki. Ban taɓa jin ƙaramin ma'aikaci ya ce wa babba a'a ba.

A watan jiya Malam Mamuda ya yi ritaya, bayan shekara ashirin da bakwai yana aiki. Ba walima, ba takardar yabo. An ce min bai dace mace ta yi wa namiji jinjina a jarida ba, an kuma ce in bar tsohon zance ya kwanta. Na ji duka biyun. Sunana Naja'atu, a gabana aka yi, kuma zan faɗa.

Kullum shi ne na farkon zuwa. Zai jingine kekensa a jikin dogon yaro, ya cika randar da masu jira ke sha, ya goge teburinsa da gefen hannu. Sannan ya zauna, ya taɓa aljihun gaba ya tabbatar gwangwanin yana nan. Wani ɗan gwangwani ne mai murfi, a ciki akwai soson tawadar da ake dangwala yatsa. Ba ya barin sa a kan tebur, ko salla zai je. Yana jin Faransanci da Fulatanci da Buzanci, don ya yi fatauci a hayin iyaka kafin ya shiga aikin gwamnati. Duk wanda zai sa yatsa a takarda, sai Malam ya karanta masa ita da harshen da yake ji, daga sama har ƙasa, sannan ya ce, "To, mi ka ji?" Sai mutum ya maimaita da bakinsa, kafin murfin ya buɗe.

Mutane sun sha yi masa tsiya a kan wannan. Kulsumu mai fura, wadda ke zama a bakin ƙofar ofis, takan ce wa baƙi, "In kana sauri kada ka bi layin Sai-na-karanta. Ko takardar tsallaka da jaki ce, sai ya karanta maka, ya karanta ma jakin." Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Kulsumu, mutum zai ba da yatsanshi, ai ya kamata shi san mi ya ba."

Mutanen da aka kawo ranar su shida ne: Mushe Abbati, malamin lakwal, wato makarantar boko, daga wani gari a hayin iyaka inda ake ce wa malami Mushe, da matarsa Zuhura, da tsohuwarsa, da 'ya'ya uku. Abbati da wasu malamai biyu sun taɓa rubuta ƙarar wani babban mutum na garinsu a kan hatsin agaji da ya ɓace. Da mulki ya sauya a can, mutumin ya samu hannu. Jandarma suka ɗauki malaman nan biyu, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Abbati ya kwashi iyalinsa ya tsallako gidan goggonsa a wani ƙauye kusa da Shinkafi, suka yi sati uku ba su gaya wa hukuma ba. Wani ya kai rahoto, aka kwaso su. Tun da hantsi wata farar a-kori-kura mai lambar hayi take tsaye a ƙarƙashin bishiya, da mutum biyu a ciki cikin fararen kaya, suna shan shayi suna jira.

Shugaba ya faɗa min abin da zan buga da Turanci, na buga. Takardar ta ce mu da muka sa hannu a ƙasa mun zaɓi komawa ƙasarmu da kanmu, ba ma tsoron kowa, ba mu nemi mafaka ba. Na fahimci kowace kalma. Duk da haka na zare ta daga tafireta na miƙa. Shugaba ya miƙa wa Abbati ya ce masa da Hausa takardar izinin zama ce.

Abbati malami ne na shekara goma sha biyar. Ya san kowane harafi a takardar, amma harshen ba nasa ba ne, Faransanci ya karanta. Ga matarsa da 'ya'yansa suna kallo. Ya riƙe takardar, ya bi ta da ido layi-layi kamar mai fahimta, ya gyaɗa kai, ya ɗauki biro. Kunyar cewa bai iya ba ta kusa kai shi cikin waccan mota. Abin da ya tsayar da komai shi ne Zuhura da tsohuwa ba su iya sa hannu ba, sai dangwale. Tawada kuwa tana aljihun Malam Mamuda.

"Mamuda, hauka kake?" in ji shugaba. "Ni nake ba ka umurni."

"Ƙwarai kuwa, ranka shi daɗe. Shekara ashirin da biyu ina bin umurni. Wanga ɗai ne ba ni iyawa."

"Miƙo gwangwanin."

"Shina nan, ranka shi daɗe. Sai sun ji."

Malam ya zare takardar daga hannun Abbati, ya taka zuwa bakin ƙofa. Ranar kasuwar Shinkafi ce, harabar cike take da direbobi da masu shanu. Ya ɗaga murya ya karanta da Hausa, ya sake da Faransanci. Biron ya faɗi daga hannun Abbati. Malam ya juya ga matar ya yi tambayar da ya saba.

"Zuhura, mi kika ji?"

"Na ji an ce mu muka ce a maida mu. Wallahi ba mu ce ba. Malam, in aka sa mu motar can, mijina ba ya kai gobe."

A nan marin shugaba ya sauka a kuncin Malam. Na ji ƙararsa kamar an fasa ƙwarya. Hular Malam ta yi gefe, tabaransa ya faɗi ya tsage. Kulsumu ta saki ludayi ta yi salati. Dattijo ne mai furfura, a gaban mutum sun fi talatin. Ya sunkuya ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya mayar a kai, ya dubi Abbati.

"Mushe, tambaya ɗaya nika yi maka, ka amsa da ƙarfi kowa shi ji. Kuna neman mafaka a ƙasar ga?"

"Muna nema."

Ya koma teburinsa ya buɗe rajista, ya rubuta kwanan wata da sunayensu shida da abin da suka nema, ya buga hatimi. Ya rubuta wata takarda ya miƙa ta taga ga Sabo direba, mai jigila tsakanin Shinkafi da Ƙaura. Sabo ya gaya min daga baya cewa a cikin hularsa ya sa ta. "Ban tsaya ɗaukar ko fasinja ɗaya ba," in ji shi. "Daga Ƙaura na ce mi zan jira, na wuce Gusau da kaina, na sa ta a hannun mutanen hedikwata."

Abin da Malam ya tsaya a kai ba son ransa ba ne. Ƙasar nan tana da dokar 'yan gudun hijira tun 1989. Wanda ya ce yana tsoron ransa ya nemi mafaka, ba a mayar da shi inda ya gudo har sai hukumar da ke da alhaki ta saurare shi ta yanke. Shugaba ya san haka, shi ya sa yake son takardar da za ta ce ba su nema ba. Da mutum talatin suka ji, rajista kuma ta ɗauka, hanyar ta toshe. Ana kiran la'asar a-kori-kurar ta juya ta tafi ba kowa a bayanta.

Kada a zaci lallashin baƙin Malam ya yi. Kafin a zo a tafi da shi a kulle bisa umurnin shugaba, na ji yana yi wa Abbati faɗa.

"Kai ma ka yi kure, Mushe. Sati uku kana zaune ba ka kawo kanka ba."

"Malam, gidan goggona ne fa. Nan aka yaye ni. Duk sati muna zuwa kasuwar ga."

"Goggonka ta sani, doka ba ta sani ba. Zuwa kasuwa daban, gudun rai daban. Daga yau duk ranar da aka ce ka zo, ka zo. Abin da aka tambaye ka, faɗi gaskiya, ko wadda ba ta yi maka daɗi. Kada in ji makami a gidanka, kada in ji kana haɗa taron siyasar garinku daga nan. Dokar da ta hau kanmu ta hau kanka."

Kwana uku aka kulle Malam. Washegari shugaba ya sa ni buga takardar tuhuma: ƙin bin umurni, da karɓar cin hanci daga baƙi. Ƙarya ce, na sani, kuma na buga. Ni aka aika in kai masa. Ya karɓa ta tsakanin ƙarafan taga, ya kai ta kusa da ido, ya dawo min da ita.

"Tabarau ya tsage, ɗiyata. Karanta min."

Na karanta masa ƙaryar da na buga da hannuna, ina kuka. Da na gama sai ya ce, "Babu kuskure ko ɗaya. Hannunki na da kyau, Naja'atu. Ki koma makaranta." A ƙarshen watan na ajiye aikin, kuma na koma. Ba wanda ya sake sa ni buga abin da na san ƙarya ne.

Aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wata rumfar kan iyaka gaba da Gurbin Bore, inda ruwan sha sai an yi tafiya. Bayan 'yan watanni aka ƙaddamar da Shari'a a jihar nan, muka yi murna, ni ma na yi. Motoci suka yi ta kwarara Gusau, shugaban nan yana cikin na gaba-gaba, yana kabbara. Na jira in ji wani ya tuna da mutumin da ya ƙi shaidar zur aka mare shi. Shiru. Wani makiyayi na yankin Zurmi ya gaya min ya tambayi Malam ra'ayinsa a lokacin. Malam ya ce ya yi farin ciki, don abin da ya koya a zauren mahaifinsa shi ne in mai tsoro ya nemi tsari, ko a wurin mace ce, an ba shi ke nan, ba a miƙa shi. Ya ce yana fata masu hatimi su fara da wannan babin.

A can ma bai sauya ba. Mutanen wurin sun shaida min akwai wani da hukuma ta ƙi karɓar roƙonsa. Malam ya karanta masa takardar ƙin har ƙarshe, bai rage ɗacinta ba, sannan ya gaya masa yana da damar ɗaukaka ƙara, ya zauna ya rubuta masa.

Abbati da iyalinsa sun yi wata goma sha huɗu suna kai kansu ofis duk Alhamis. An yi musu tambayoyi sau biyu, aka ba su takardar zama. Yanzu yana koyar da Faransanci a Ƙaura. Da na je wurin Zuhura ta ɗaga babban yatsanta ta ce, "Wanga yatsa da ya taɓa takardar nan, da yau ni gwauruwa ce."

Baba Mamuda, kai ne ka nuna min cewa karatu amana ce a hannun wanda ya iya, saboda wanda bai iya ba. Ni mai takardar makaranta na buga ƙarya, kai mai gwangwani a aljihu ka ƙi buɗe mata. Kai ne aka mara ka ɗauki hularka ka ci gaba da tambaya. Na gode, a madadin mutum shida da ke raye, da ni da ka ƙi tsinewa. Allah Ya saka maka, Ya ba ka lafiya.

Ku kuma akawuna da masu buga takardu da tafintoci da masu riƙe da hatimi, daga Shinkafi har Gusau: gobe wani zai tsaya a gabanku da yatsa a miƙe, bai san abin da ke rubuce ba. Ku karanta masa. Ku tambaye shi abin da ya ji. Amma ba zan yaudare ku in ce kyauta ake yin haka ba.

Kunnen Malam Mamuda na hagu ya mutu tun ranar marin. A matakin da yake a 1999, a nan ya yi ritaya, wanda ya mare shi kuwa an ƙara masa girma sau biyu. Cikin sati ɗaya da marin aka fitar da iyalin Malam daga gidan gwamnati. Matarsa Hauwa ta koma gidan iyayenta a Kasuwar Daji da yara biyar, shekara biyar yana ganinsu sau ɗaya a wata biyu. Tuhumar cin hancin tana nan a fayil ɗinsa, saboda ita har yau fanshonsa bai fito ba. Babbar 'yarsa Saudat, wadda ke zuwa ta ɗaya a ajinsu, ta bar sakandare a aji huɗu a waccan shekarar, ba ta koma ba.

Na same shi a Kasuwar Daji satin da ya wuce, na tambaye shi ko ya yi nadama. Sai da na zagaya ta damansa na maimaita kafin ya ji.

"A'a," in ji shi. "Kunne da girma duk na yafe. Karatun Saudat ne ban san yadda zan biya ta ba."